Daga durdi zuwa tartar: sunan abin da ke kwanta a gindin giyar inabi

Duk wanda ya saba zama a majalisin tafsiri da azumi ya taɓa jin kalmar durdi, ko da bai riƙe ta ba. Idan mai jan baƙi ya kai aya ta 45 a Suratud Dukhan, inda aka kamanta itaciyar zaƙƙum da muhl, Jalalaini ya yi mata bayani da cewa kamar durdin baƙin mai ne. Da Hausa sai a ce lakar mai, wato dattin nan mai kauri da ke kwanta a gindin tulu. Sai dai kalmar ba ta tsaya kan mai ba. A Larabci, durdi shi ne duk abin da ya kwanta a ƙasan abu mai ruwa bayan ya natsa, na man zaitun ne, na khal ne, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, ko na giyar inabi. Ita ce kuma kalmar da masana asalin kalmomi da dama suke dangantawa da tartar, sunan da ke jikin ɗan gwangwanin farar hodar nan da masu yin kek suke saya.

Kafin a bi sawun kalmar, sai an rarrabe abin da ake magana a kai, domin abu biyu ne suke kwanta a gangar giyar inabi, kuma yawan haɗa su shi ne tushen ruɗanin.

Na farko laka ce mai laushi. Idan aka matse inabi aka bar ruwan ya tsimu, yis yana cinye sukarin cikinsa ya mayar da shi barasa, aikin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Da abincinsa ya ƙare sai ya mutu ya nitse, tare da guntayen ɓawo da ƙwaya da ƙurar gona. Faransawa suna kiran wannan lie, daga nan Ingilishi ya samo lees. Takan kai kashi 2 zuwa 6 cikin ɗari na abin da ke cikin tankin. Masu sana'ar suna raba ta gida biyu. Akwai mai nauyi, wadda ke faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, ita kuwa ba a barin giya ta daɗe a kanta: ana tsiyaye ruwan zuwa wani tanki, domin in ta dunƙule babu iska sai ta fara fitar da iskar farar wuta mai warin baragurbi, warin da ke kama giyar ya ƙi fita. Akwai kuma mai sauƙi, wadda kusan duk mataccen yis ce. Ita da gangan ake barinta. A yankin Muskade da ke yammacin Faransa giyar takan kwana a kanta duk tsawon hunturu, a yankin Shamfen kuwa doka ce ta yi aƙalla wata 12 a kanta cikin kwalba.

Na biyu ba laka ba ne, dutse ne. Ɓawo ne mai tauri da sheƙi da ke manne wa bangon ganga, shekara bisa shekara yana ƙara kauri, har sai an kankare shi ko an narkar da shi da ruwan zafi. Na jar giya yakan yi ja-ja mai duhu, na farar giya ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Jamusawa ba su wahalar da kansu ba, suka ce masa Weinstein, wato dutsen giya. Wannan dutsen shi ne tartar, ɗanyensa kuma da ba a tace ba Ingilishi yana ce masa argol.

Daga ina dutse ya shiga ruwan inabi? Tun a gona yake ciki. Inabi yana da wani asid da ba kasafai ake samunsa da yawa a 'ya'yan itatuwa ba, wanda daga baya aka raɗa masa sunan asid na tartar, kuma yana zuƙo fotasiyam daga ƙasa. Haɗuwarsu takan ba da gishirin da ba ya son narkewa: lita guda ta ruwa a digiri 20 ba ta ɗaukar fiye da kimanin giram 6, alhali tafasasshen ruwa yana ɗaukar kusan giram 60. Barasa tana ƙara rage masa narkewa, sanyi ma haka. Don haka da zarar ruwan inabi ya tsimu, gishirin da ke cikinsa ya fi ƙarfin abin da zai iya riƙewa, sai rarar ta fara fita a hankali tana neman inda za ta maƙale. Abin lura a nan shi ne tsimuwa ba ita ke haifar da gishirin ba, kora shi waje kawai take yi. Ko zallar ruwan inabin da bai tsimu ba, in ya kwana biyu a firji za a ga ƙwayoyin a gindin kwalba.

Ga mai kamfanin giya wannan ciwon kai ne, ba don yana cutarwa ba, sai don mai saye yakan ga ƙwayoyin a ƙasan kwalba ko a jikin toshiya ya ɗauka fasasshen gilashi ne. Shi ya sa ake tilasta wa gishirin ya fita tun a tanki. Tsohuwar hanya ita ce sanyaya giyar har dab da daskarewa. Lissafin da ake bi: a raba yawan barasar biyu, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne digirin da za a sauka ƙasa da sifili. Giya mai kashi 12 cikin ɗari ke nan za a kai ta digiri 5 ƙasa da sifili, a riƙe ta haka mako guda ko fiye. Hanya mai sauri ita ce a sanyaya zuwa wajen sifili, a zuba giram 4 na niƙaƙƙen tartar a kowace lita, a yi ta motsawa. Garin da aka zuba shi ne irin da narkakken gishirin zai taru a kai, sai aikin mako ya koma na 'yan awanni.

Inda ake yin kuskure sananne ne. In aka bari giyar ta ɗumama kafin a tace ta, ƙwayoyin sun sake narkewa, wahala ta tashi a banza. Dole a tace ta tana cikin sanyinta. In aka gauraya giyar tanki biyu bayan an gama, ma'aunin ya canza, sai an sake gwaji. Ruwa mai sanyi kuma ya fi shan iska, saboda haka yawan motsawa a buɗe yana dusashe launi da ƙamshi. Sannan akwai ɗan'uwan gishirin, wanda kalsiyam ne a cikinsa maimakon fotasiyam. Yana shigowa daga tankin siminti da ba a shafe cikinsa ba, ko daga alli in an yi amfani da shi wajen rage tsami. Shi sanyi ba ya hanzarta shi sosai, yakan bari sai an yi watanni da rufe kwalba sannan ya bayyana. Wasu kamfanonin maimakon su fitar da gishirin sai su hana shi taruwa, su zuba giram 10 na wani asid da ake kira metatartarik a kowace lita 100. Amfaninsa ya dogara ga inda aka ajiye kwalbar: a digiri 10 zuwa 12 yana kai shekara biyu, a digiri 20 wata uku ne, a digiri 30 mako guda ya lalace. Wani abin sha'awa, giyar da ta daɗe a kan laka mai sauƙi ba ta cika fitar da ƙwayoyin ba, domin mataccen yis yana sakin wasu sinadarai daga fatarsa da ke hana su girma. Lakar ke nan tana tsare giyar daga dutsen.

To, mu koma ga sunan. Asalin durdi ba Larabci ba ne. Daga Farisanci ya shigo, inda durd ke nufin abin da ya kwanta a gindin kofi ko tulu. Da haruffa uku ake rubuta shi, dal da ra da dal. In aka yi wa dal ɗin farko rufu'a, durd ne, laka. In aka yi masa fataha, dard ne, ciwo. Mawaƙan sufaye na Farisa sun yi ta wasa da wannan kusanci, har suna kiran masoyi na haƙiƙa durd-kash, mai shanye laka, wanda ba ya tsayawa kan garau ɗin sama. Larabawa suka ɗauki kalmar suka ƙara mata ya'un dangantaka, ta zama durdi.

Rumawan zamanin Kaisar kuwa faex suke cewa, ga laka da dutsen baki ɗaya. Jam'in wannan kalma, faeces, shi ne daga baya likitocin Turai suka ara don kiran bayan gida, ƙaramin sunanta kuma faecula ya zama fécule a Faransanci, wato sitaci, saboda shi ma kwanta yake yi a gindin ƙwarya in an tace ƙullu. Kalmar tartarum ta bazu ne a Latin na tsakiyar zamani, a littattafan likitanci da na masu haɗa sinadarai, tare da takwararta tartaron a Girkancin wancan lokaci. Daga nan Faransanci ya samu tartre, Ingilishi ya karɓa a ƙarni na 14.

A kan tushen tartarum masana sun rabu. Masu cewa daga durdi ne suna kafa hujja da ma'ana da kuma zamani. Ma'anar ɗaya ce, kuma lokacin da kalmar ta yi ƙarfi shi ne lokacin da ake juya littattafan Larabci zuwa Latin a Salerno ta Italiya a ƙarni na 11 da Toledo ta Sifen a ƙarni na 12, ƙofar da kalmar alkali, wato sinadarin toka mai kaifi, ta bi daga al-ƙali, da alembik, tukunyar da ake tatsar ruwa daga tururi da ita, daga al-inbiƙ. Masu ja da wannan suna duban sauti: ba abu ne mai sauƙi ba durdi ya rikiɗe ya zama tartarum, dal biyu su koma ta, wasula su canza, a kuma ƙaro ra ta biyu. Su suna ganin kalmar ta jingina ne da Tartarus, ramin azaba da ke can ƙarƙashin ƙasa a tatsuniyoyin Girkawa, tunda shi ma wannan abu a can ƙasan ganga yake. Ra'ayin da ya fi kama hankali shi ne wanda ya haɗa biyun: baƙuwar kalma ta shigo, kunnen masu Latin bai saba da ita ba, sai suka lanƙwasa ta zuwa sunan da suka riga suka sani. Haka harsuna suke yi da baƙi. Amma wannan kyautata zato ne na masana, bai kamata a riƙa rubuta shi kamar an kama shi da hannu ba, yadda ake yi da kalmomin da hanyarsu daga Larabci a fili take. Larabcin yau ma ba durdi yake ce wa gishirin ba, ɗarɗir yake cewa.

Abin da ya tabbata shi ne ma'anar ta ƙuntata a hanya. Durdi ya haɗa duk wani abin da ya kwanta, tartar kuwa ya keɓanta ga dutsen. Daga nan sai ta sake buɗewa ta wata fuskar. Likitan nan ɗan ƙasar Suwizalan, Paracelsus, wanda ya rayu daga 1493 zuwa 1541, ya ɗauka cewa jikin mutum ma kamar ganga ne: abin da abinci ya bari yana taruwa ya daskare, ya zama tsakuwar ƙoda da ta mafitsara da ciwon gaɓɓai. Ya kira su cututtukan tartar, ya kuma danganta sunan da azabar Tartarus saboda irin zafin da suke gana wa majiyyaci. Bayaninsa ya faɗi, sunan ya tsira. Shi ya sa har yau dattin da ke daskarewa a gindin haƙori ake ce masa tartar, a Faransa kuma har farin ɓawon da ke kama cikin butar dafa ruwa tartre ne. Babu ko ɗaya cikinsu da ya haɗa sinadari da na inabi: na haƙori kalsiyam ne da fosfet, na buta dangin alli ne.

Akwai kuma wata tartar ɗin da ba ta da dangantaka da wannan ko kaɗan. Lokacin da rundunonin Mongol suka kai Folan da Hangari a 1241, Turawa sun ji ana kiran wasu daga cikinsu Tatar, sai suka ƙara ra suka ce Tartar, kamar mutanen da suka fito daga wancan ramin. Miyar nan mai kauri da ake ci da kifi a gidajen abincin Turai, da ɗanyen naman da ake kira tartare, daga sunan mutanen suka samo nasu. Babu hodar inabi a cikinsu.

Yadda baƙin ɓawon ganga yake zama farar hoda ya dogara ne kan bambancin nan na giram 6 da giram 60. Ana niƙa shi, a narkar a tafasasshen ruwa, a zuba farar ƙasa ko gawayi su kama launi da datti, a tace da zafinsa, a bar shi ya huce. Yana hucewa gishirin yana fita. A tsohuwar hanya, wadda garin Montpellier na Faransa ya yi suna da ita, fararen ƙwayoyin da suka fi tsabta sukan taru a saman ruwan kamar yadda maiƙo ke tasowa a kan madara, a yaɗe su. Daga nan sunan kirim na tartar ya fito, Larabawa ma suka ce zubdatuɗ ɗarɗir. In kuwa aka ƙona ɗanyen a wuta, abin da ke saura farar toka ce mai kaifi, wadda masu sabulu da masu gilashi na da suke kira gishirin tartar, 'yar'uwar ruwan tokar da aka sani.

A kicin aikinta na tsami ne a bushe. In an haɗa ta da soda ta yin burodi suka jiƙe, sai su fitar da iskar da ke kumbura ƙullu, irin abin da ke faruwa in aka zuba ruwan kanwa a ƙullun masa mai tsami. Awon shi ne cokali biyu na tartar, ɗaya na soda, ɗaya na sitacin masara don ya tsotse laima. Biyu da ɗayan ba kame ba ne: giram 188 na tartar ne ke cinye giram 84 na soda daidai. In soda ta yi yawa, kek ya yi ɗanɗanon sabulu ya yi rawaya. In tartar ta yi yawa, ya yi tsami. Wannan haɗin kuma ba ya jira, da ya taɓa ruwa ya fara aiki, don haka ƙullun da aka bari ya zauna rabin awa kafin gashi ya riga ya zubar da iskarsa. Da damina in ba a rufe gwangwanin da kyau ba, haɗin yakan mutu tun a ajiye. Wajen kaɗa farin ƙwai, kashi ɗaya cikin takwas na ƙaramin cokali ya ishi ƙwai guda, yana hana kumfar zubewa. Wajen dafa sukari don alewa, giram 1 ya ishi kilo guda, yana farfasa wani sashe na sukarin yadda ba zai koma tsakuwa-tsakuwa ba. In aka zarce, alewar ta ƙi daskarewa ta yi ta danƙo. Wanda bai samu ba, ruwan lemon tsami ninki biyu na awon yana maye gurbinta a ƙwai da sukari. Gargaɗi ɗaya da bai kamata a raina ba: kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin hodar fotasiyam ne. Ɗan abin da ke cikin kek ba komai ba ne, amma shan ta cokali-cokali da sunan wankin ciki yana iya rikita bugun zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda.

Malaman fiƙihu sun san durdin giya tun da daɗewa. A littafin Hidaya na Hanafiyya, wanda Marginani ya rubuta a ƙarni na 6 na Hijira, an karhanta shan durdin giya da taje gashi da shi, saboda akwai ɓurɓushin giya a cikinsa, an kuma ce in aka zuba shi a khal ba laifi domin zai koma khal. Wannan hukunci a kan jiƙaƙƙiyar laka yake. Hodar kanti kuwa dutsen ne da aka narkar, aka tace, aka sake daskarar da shi aka busar, babu barasa a cikinta. Malaman zamani da hukumomin tantance halal sun saɓa a kanta: wasu sun halatta, wasu sun sharɗanta a san tushenta, tunda ana iya samunta daga ruwan inabin da bai tsimu ba. Fatawa ta malamai ce, amma wajibi ne mai tambaya ya siffanta musu abin daidai. Wanda ya ce hodar daga giya aka yi ta, ya sa malam zai duba ta a babin najasar da ta rikiɗe. Wanda ya ce gishirin inabi ne da ya zauna cikin giya aka fitar da shi aka wanke, ya kai ta babin abu mai tsarki da najasa ta taɓa. Na biyun ne ya dace da yadda abin yake.

Asid ɗin kansa wani mai haɗa magunguna ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara ware shi a 1769. Ya dafa tartar da alli, ya samu gishirin kalsiyam da ya kwanta, ya zuba masa asid irin na ruwan batir, kalsiyam ɗin ya kama shi ya nitse, asid na tartar ya saura a ruwan. Har yau masana'antu a Italiya da Sifen wannan tsarin suke bi da lakar da suke tarowa daga kamfanonin giya. Bahaushe kuwa ya san ɗanɗanon wannan asid tun kafin ya ji sunansa, domin shi ne tsamin tsamiya: kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na naman tsamiya shi ne. A Afirka ta Kudu, masu harshen Afirkans kremetart suke ce wa kuka, saboda farin garinta mai tsami ya tuna musu da hodar. A yankin Gabas ta Tsakiya kuwa inabi ne babban mai ɗauke da shi, shi ya sa masu binciken kayan tarihi suke nemansa a jikin tsofaffin tukwane. Da shi aka gane ragowar giyar inabi a tulunan Hajji Firuz da ke arewa maso yammacin Iran, na wajen shekara 5400 zuwa 5000 kafin haihuwar Annabi Isa, da wasu a ƙasar Jojiya da suka girme su da ɗaruruwan shekaru, waɗanda aka bayyana sakamakonsu a 2017.

A 1848 ne dutsen ganga ya yi aikin da ya fi kowanne girma. Wata masana'anta a garin Thann na yankin Alsas a Faransa ta taɓa fitar da wani asid da ya yi daidai da na tartar a komai, sai dai na tartar yana karkatar da haske zuwa dama, shi kuwa ba ya karkatarwa. Louis Pasteur, masanin kimiyya ɗan Faransa, yana ɗan shekara 25, ya daskarar da gishirin baƙon asid ɗin ya duba da gilashin ƙara girma, sai ya ga ƙwayoyin iri biyu ne, kamar tafin hannun dama da na hagu. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya narkar da kowane kashi daban: wannan ya karkatar da haske dama, wancan hagu, a haɗe kuma suna kashe juna. Daga nan aka fara gane cewa sinadarai biyu suna iya zama da kayan haɗi ɗaya amma ginin ɗaya madubin ɗayan ne, abin da masu haɗa magunguna ba sa wasa da shi a yau. Gishirin da ya yi aiki da shi ba ya rabuwa gida biyu sai a ƙasa da kimanin digiri 26. Da a ɗakin da ya fi haka zafi ya yi gwajin, ƙwaya iri ɗaya zai gani.

Sunan ya iso Afirka ta ƙofar asibiti ma. In aka dafa kirim na tartar da wani sinadarin ƙarfen antimoni ana samun wani gishiri mai guba da likitocin Turai suka daɗe suna bayarwa don sa amai. A 1918 likita John Christopherson, da ke aiki a asibitin Khartum, ya bayyana cewa allurar wannan gishiri a jijiya tana kashe tsutsar tsargiya. Maganin yana da wuya, ana yin allurar sau da yawa cikin makonni, yana sa tari da amai, wani lokaci ya taɓa zuciya, amma shi aka dogara da shi shekaru da dama a Sudan da Masar, kafin ƙwayar praziquantel ta karɓe shi a wajen 1980.